Takardar Kwastan a Cikin Hula

Mun tashi da asuba daga Dingaya, ni da wani dattijo maƙwabcina da jama'a suka haɗa mu. Tsutsa ce ta fitar da mu. Ta faɗa wa waken garinmu yana tsakiyar fure, malamin gona kuma ya ce in aka ƙara mako guda ba feshi, bana sai harawa. Maganin da ƙungiyarmu ta manoma ta sa wani Alhaji ya yo odarsa daga ƙasar waje ya iso Kano, amma yana tsare a hannun kwastan. Ba sa sakin irinsa sai da takardar ma'aikatar gona mai sunan maganin da yawan gwangwanayen, da hatimi da sa hannu.

Tun jajibirin tafiya aka buga mana ita da tafireta a Gwaram, guda biyu, ta sama da ta ƙasa mai dishi-dishi, duka aka doka musu hatimi aka sa hannu. Na zari mai kyan na bar ɗayar a kan tebur, don a ganina shara ce. Na ninke tawa huɗu na cusa a hula, yadda muka ga iyayenmu suna yi da wasiƙa.

Hanyar Gwaram a marka, Allah Ya raba ku! Sau uku akori-kurarmu tana kafewa a laka muna sauka turi. Sai a Birnin Kudu muka taka kwalta, muka karya da koko da ƙosai wurin wata tsohuwa da har yanzu da sule take ciniki, wai naira ba ta zauna mata a ka ba. Kuɗin mota kuwa ya ninka na bara, kowa ya ce arzikin man fetur ne, mu dai ba mu gan shi ba. Abokin tafiyata ba ruwansa, garin tabarsa kawai yake ɗura wa hanci yana atishawa, ni kuma ina ta yi masa tsiya har muka haye gadar Wudil.

Da azahar muka tarar da Alhajin a ofishin kwastan, riƙe da lasisinsa na shigo da kaya. Ga gwangwanayenmu can a jere, kowanne da hoton ƙoƙon kai a jikinsa. Na cire hula da taƙama na miƙa takarda. Wayyo ni! Zufar turin mota ta cinye ta. Hatimin ya narke ya zama shuni, sa hannun ya bi shi, wurin ninkin kuma ya yage daidai kan sunan maganin.

Jami'in kwastan ya juya ta, ya dube ni. "Malam, wannan ai daga marina ka ɗauko ta."

Na hau shi da faɗa, na ce ga kaya yana gani, ga mu yana gani, me ya rage? Bai ɗaga murya ba. "Guba ce fa, ba gishiri ba," in ji shi. "In na saki abin da ban san sunansa ba ya kashe mutum, wa za a kama?"

Gaskiyarsa. Na zauna a benci. Komawa Gwaram da dawowa kwana biyu ne in mota ta yi halin kirki, tsutsa kuma ba ta jira. Da wane ido zan dubi mutanen gari?

Dattijon ya matso zai ba ni haƙuri, ya zaro ƙunshin tabarsa ya warware. Ina kallo sai na ga shuɗin hatimi. Ashe takardar da na yar ita ya tsinta ya ƙunshe taba! Na fizge ta na kakkaɓe, jami'in ya karanta yana atishawa, ya gwada sunan da na jikin gwangwani, ya ƙirga su, ya sa hannu. Wallahi ban san lokacin da na rungume tsohon nan ba.

Washegari da la'asar muka shigo Dingaya, mutane suka taryi motar tun daga bakin rafi. Yau kwana huɗu da feshi, furen da ya rage ya fara ɗaura 'ya'ya, alhamdulillahi.

Na koyi cewa hula ta kai ce, takardar gwamnati kuma in an ba ka biyu, riƙe biyu. Maƙwabcina kuwa na sayo masa taba cikin gwangwani, kuma duk wanda ya ƙara yi masa tsiyar atishawa a garin nan, da ni zai yi.