Hutun Biskit a Ɗa'ifa

Laraba: Jidda zuwa Hada

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka tashi daga Bagdadiyya, ni da maigidana Hawaja, da Madam, da karensu Biskit. Hawaja Bature ne, injiniya a tashar jiragen ruwa. Ni Idrisu direbansa ne shekara shida, iƙamata kuma, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, a hannun kamfaninsu take. A bayan mota mun ɗaura wani ɗaki mai taya biyu da ya sayo daga ƙasarsu, suna ce masa karaban. Akwai gado a ciki, da murhu, har da labule mai furanni. Wai zafin Jidda ya ishe su, za su hau Ɗa'ifa su sha iska kwana huɗu. Madam ta ce Biskit ya fi kowa buƙatar hutun, don ya rame. Na dubi karen nan, wuyansa ya kusa kai cinyata kauri.

Hankalina ba ya kan tafiyar. Kwana biyu kafin nan Yaya Hajjo ta aiko mini saƙo daga Makka ta bakin wani direban tasi: Inna tana kwance a unguwar Misfala, ta daina cin abinci, kuma ni take ta tambaya. Na nemi izinin yini ɗaya. Hawaja ya ce babu mai iya jan karaban a kan dutse sai ni, amma ya yi mini alkawari. A dawowa zai sauke ni a mararrabar Makka, shi ya ƙarasa Jidda da kansa, tunda daga nan hanyar shimfiɗaɗɗiya ce.

Shida saura kwata muka isa Bahra, kilomita arba'in. Na yi salla, sannan Madam ta miƙo mini igiya in zagaya da Biskit ya rage ciki. Da na nufi wata rumfar shayi a bakin hanya, mai ita ya ɗaga mini hannu tun daga nesa, ya kira ni da sunan da Larabawa suke kiran mutanenmu.

"Ya Takruni, tsaya nan! Kai da kalb ɗinka, karen nan."

"Ba nawa ba ne, ya ammi, na Hawaja ne."

"A hannunka na gan shi."

Ya ajiye mini kofin a kan dutse ya koma. A tsaye na sha, da gurasar tamis guda, direbobin manyan motoci suna kallona suna dariya.

Bakwai saura muka zo shingen Shumaisi. A nan hanya ta rabu: Musulmi ya miƙe zuwa Makka, wanda ba Musulmi ba ya karya dama ya kewaye ta. Askar ɗin, wato sojan da ya duba takardunmu, jikan Hausawa ne, haifaffen Jidda, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci.

"Inta Bahaushe? Ina zuwa?"

"Ɗa'ifa. Uwata na nan Misfala ba lafiya, sai a dawowa zan sauka."

Ya leƙa ya ga kare a kujerar baya, an shimfiɗa masa tawul. Ya girgiza kai. "Allah ya shafi, ya ba ta lafiya. Yalla, wuce."

Daga shingen nan zuwa ƙofar Inna bai fi rabin awa ba. Na karya sitiyari dama.

Hawan dutsen Kara ya ci mana awa biyu. Hanya ce mai murɗe-murɗe, rami a gefe, karaban yana jan motar baya kamar saniya mai ƙin shiga kasuwa. Sau biyu inji ya tafasa. Sha ɗaya da minti ashirin muka sauka a Hada, daf da Ɗa'ifa, gefen gonar wani dattijo mai noman fure da inabi. Su ukun suka shiga ɗakinsu mai taya, ni kuma kujerar mota ce masaukina, da bargo ɗaya.

Alhamis da Juma'a: Hada

Aikina a kwanakin nan biyu ba tuƙi ba ne. In dafa wa Biskit hanta, in jira ta huce, in fita da shi safe da yamma. Ranar Alhamis ya sa baki a kwanon abincina, na wanke shi sau bakwai har da ƙasa, Madam tana tsaye tana ƙirgawa tana dariya, wai sabulu ɗaya ya isa. Kayana kashi biyu na raba su: na kare da na salla. Sau biyar a yini nake tuɓe wannan in sa wancan.

Gaskiya dai, karen ba shi da mugun hali. In na zauna a kan dutse ina duban ƙasa, wajen da Makka take a cikin hazo, sai ya zo ya kwanta ɗan nesa da ni, kamar ya san iyakarsa. Haushin da nake ji ba nasa ba ne, amma shi kaɗai nake da ikon harara. Dattijon mai gona yakan kawo mini inabi, ya kuma gargaɗe ni sau biyu: gwaggon biri sun yi yawa a duwatsun nan, kuma ba sa shiri da kare. Na ce na ji.

Asabar: Hada zuwa Jidda

Da hantsi Hawaja da Madam suka tafi kallon yadda ake dafa ruwan fure, suka bar mini Biskit. Azahar ta yi. Na sa farar rigata, kuma don kada ya shafe ni ko ya gifta ta gabana, na kai shi can nesa, taku hamsin, na ɗaure a jikin wata bishiya gindin duwatsu. Ina raka'a ta uku na ji kukansa, da wani haushi da ba na kare ba. Ban yanke sallar ba. Da na sallame na ruga, birai uku suka haye dutse. Sun yage masa cinya har ana ganin ƙashi. Da a sake yake da ya tsere, ni na ɗaure shi. Na ɗauke shi a ƙirjina, da farar rigar da nake ta karewa.

Madam ta dawo ta kwarma ihu. Hutun da aka ce ba a iya rage masa yini ɗaya saboda uwata, cikin minti ashirin aka naɗe shi. Ɗaya da rabi muka kama gangara, za a kai shi wurin wani likitan dawaki a Jidda. Hawaja ya zauna baya, ya danne raunin da hannu biyu.

Huɗu saura minti ashirin muka iso Shumaisi. Na sa ƙafa a birki.

"Hawaja, ga mararraba. Alkawari."

"Idris, dubi hannuna. Da me zan tuƙa? Gobe ka tafi, kwana uku ma."

Madam ko kallona ba ta yi ba. "Kai ka ɗaure shi," ta ce.

Askar ɗin nan ne dai a bakin shinge. Ya gane ni, ya nuna mini hanyar Makka da hannu, ga tasi ma a tsaye tana neman mutum ɗaya. Na tuna iƙama, na tuna 'ya'yana huɗu a unguwarmu Ammariyya, na dubi jinin da ke rigata, kunya ta kama ni. Babu wanda ya riƙe mini ƙafa. Ni da kaina na ɗauke ta daga birki na taka mai.

Biyar saura minti goma muka shiga Jidda. Ni na riƙe kan Biskit aka yi masa ɗinki goma sha biyu. Na mai da karaban Bagdadiyya, na kwance shi, na taka zuwa Ammariyya ana kiran magariba. Na tarar da ƙofata a rufe, maƙwabcina Malam Sani yana zaune a dakalina, ya kasa ɗaga kai.

"Idi, sai haƙuri. Iyalinka sun wuce Makka. Ɗazu aka bugo waya kantin Bayamalen unguwar nan, Inna ta cika wajen ƙarfe biyar."

Ko da na isa Misfala an riga an kai ta. Yaya Hajjo ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi tun la'asar Inna ta sa a buɗe ƙofa, wai ta ji ƙarar motar Idi.

To, mun je mun dawo, alhamdu lillahi a kan kowane hali. Ina gode wa Yaya Hajjo da ta yi jinyar da ban yi ba, da mutanen Misfala da suka ɗauki gawar uwata a kafaɗunsu, da dattijon Hada da inabinsa. Hawaja ya cika rabin maganarsa, ya ba ni kwana uku na zaman makoki. Ran na huɗu na koma aiki. Biskit ya fito yana ɗingishi yana kaɗa mini wutsiya, Madam ta miƙo mini igiya, na karɓa.