Ranar da Aka Kashe Rediyo

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a unguwar. Rediyo ake ce masa, shi kuma yana amsawa.

Shagon askinsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran takalma da mai yankan gilashi. Akwai kujera mai juyawa wadda fatarta ta tsage aka liƙe da salatif, da madubi mai tabo a kusurwar hagu, da bencin masu jira, da wata fanka da ke kaɗa kai kamar mai musun magana. A kan kanta kuma injin aski ne, da almakashi, da reza, da burushin kumfa, da kwalbar turaren nan mai sa yara hawaye.

Surutunsa sana'a ce ta koya masa. Wanda aka ɗora wa reza a maƙogwaro ba ya magana, shi kuwa mai askin ba ya jure shiru. Sai ya saba yin tambaya ya ba kansa amsa. "Ya iyali? Lafiya lau, madalla. Ƙafar nan ta sake ka? Da sauƙi, ai na gani a tafiyarka." Mutum ya tashi ya karkaɗe wuya ya tafi, yana jin an sha hira da shi, alhali bai ce uffan ba.

Abin da bai iya ba shi ne barin wannan hali a shago in zai koma gida. 'Ya'yansa mata biyu sun gaji bakinsa, da ƙarfi suke ƙwatar magana har suka yi aure. Autan kuwa, namiji dogo siriri, ya taso in an tambaye shi abu sai ya dubi ubansa, amsa ta riga ta fito kafin ya haɗiye yawu. Wani direban tasi da ba ya rabuwa da bencin shagon shi ya laƙaba masa Eriya. Ya ce, "Tana tsaye a kan rediyo, tana kama komai, amma ba wanda ya taɓa jin muryarta."

Da Auta ya gama sakandare sai ya nemi kwalejin koyon aikin jinya. Jarrabawar rubutu ya cinye ta kamar wasa. Ta baki ce ta kayar da shi. Malamai uku a bayan tebur suka tambaye shi dalilinsa na son aikin, ya waiwaya gefen da ubansa ya saba tsayawa, bai ga kowa ba sai labule. Haka ya tsaya har aka ce ya je, an gode. Kwalejin kuwa ba ta kiran mutum fiye da sau biyu. Bana ya sake cin ta rubutu, aka sake kiran sa. In ya sake faɗuwa ƙofar ta rufe ke nan, abin da ya rage masa almakashin ubansa ne.

Rediyo bai ɗauki abin da wasa ba, a nan dole a yi masa adalci. Duk wanda ya zauna a kujerarsa, in dai ya taɓa taka babbar makaranta, sai ya tambaye shi yadda ake yi, ko da yake shi yake ƙarasa bayanin. Ya saya wa yaron farar riga. Ya koya masa yadda ake ƙwanƙwasa ƙofa, da inda ake ajiye hannu in an zauna. Sa'an nan ya mai da bencin shagon teburin jarrabawa. Wani tsohon hedimasta mai ritaya, wanda ke zuwa karanta jarida a gaban fanka, shi aka naɗa shugaba, Direba kuma mataimaki.

Hedimasta ya gyara tabarau ya ce, "To, samari, me ya sa kake son aikin jinya?"

Auta ya buɗe baki.

"Domin ya taimaki marasa ƙarfi, ya kuma yi wa al'umma hidima," in ji Rediyo daga bayan ƙeyar wani. "Faɗi haka, ɗana. Da ƙarfi. Ka ji? Ya ji."

"Kai za a ɗauka ko shi?" in ji Hedimasta.

"Ni ai taya shi nake."

Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba uban gurbin kawai. Majinyaci ya ji surutunsa kwana biyu, ko bai warke ba zai ce ya warke."

Aka yi ta haka. Auta ya haddace jimlar ubansa, yana karanto ta da ido a ƙasa, kamar mai faɗin saƙon da aka aike shi da shi. Hedimasta ya ce wannan magana duk yaron da ya shiga ɗakin ita zai faɗa, malaman sun ji ta har ta gundure su. Rediyo ya ce to za a ƙara mata gishiri.

Innar Auta ba mai shiga shago ba ce. A bakin ƙofa take miƙa kwanon abincin rana ta juya. Ranar nan sai ta tsaya, kwano a hannu, ta kalli yadda ake yi tun daga tambaya har zuwa amsa. Mace ce da zaman aure ya koya wa ajiye magana har sai ta nuna.

Ta ce, "Maigida, ka dubi madubi kuwa? Gemun nan naka ya zama burushin wanke tukunya. Mai aski guda."

"Ina na ga lokaci? Babu. Yaron nan ya cinye mini..."

"Ga shago ba mai jiran aski. Zauna Auta ya gyara maka."

"Hannunsa bai gama faɗawa ba."

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Direba. "Kullum kai ne a wuyan mutane. Yau mu ga naka."

Kunya ta sa ya zauna. Auta ya yafa masa tawul, ya kwantar da kujerar, ya shafa kumfa tun daga kunne har ƙasan haɓa. Da rezar ta sauka a maƙogwaro sai Inna ta dubi Hedimasta, ta ɗaga masa gira. Tsohon ya ninke jaridarsa.

"Samari, me ya sa kake son aikin jinya?"

Maƙogwaron Rediyo ya motsa.

"Baba, kada ka motsa," in ji Auta. "Reza ce."

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka da hon ɗin motoci a titi. Direba ya so ya yi tari, ya fasa. Rediyo yana kallon silin, yana jin amsar ta cika masa baki, ba hanyar fita. A ransa ya tabbata yaron ba zai ce komai ba. Rezar ta yi tafiya ɗaya, aka goge ta a tawul, ta sake yin wata.

"Saboda Kaka," in ji Auta. Idonsa na kan aikinsa, ba ya kallon kowa.

Kakan nan mahaifin Rediyo ne, Allah ya jiƙansa. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, ya yi jinya mai tsawo a ɗakin baya na gidan kafin ya rasu.

"In ya yi gurnani, Baba yakan ce ruwa yake so. Sai a ba shi ruwa, ya kau da kai, a ce rigimar tsufa ce. Ba ruwa yake so ba. In ya murza babban yatsan ƙafarsa, gefen da yake kwance ne ya gaji, a juya shi. In ya ƙura wa taga ido, haske ya yi masa yawa. In ya rufe ido ɗaya, tabarmar roba ce ta naɗe a ƙarƙashinsa. Ni nake juya shi in kowa ya fita."

"Wa ya koya maka?" in ji Hedimasta.

"Ba kowa. A gidanmu ba a rasa mai magana, sai na koyi kallo." Ya ɗaga haɓar ubansa da yatsa biyu, ya bi ƙasanta a hankali. "Na ga a asibiti ma akwai irin Kaka da yawa. Ana ta yi musu magana a ka. Ina so in zama wanda zai tsaya ya duba."

Hedimasta ya ce, "To ka faɗa musu haka. Kada ka ƙara ko wasali."

Da aka goge masa fuska Rediyo ya daɗe yana duba haɓarsa a madubi. Babu yanka ko ɗaya. Inna ta ajiye kwanon a kan kanta ta tafi abinta.

Daga ranar ta kafa doka: ba a yi wa Auta tambaya sai uban yana ƙarƙashin kumfa. Gemun bai ƙara samun damar tsirowa ba, har fatar ta fara yi masa zafi. Bai yi ƙorafi ba, sai dai ga masu zuwa aski, waɗanda suka ji labarin har da ƙari.

Ranar jarrabawar ya raka yaron har ƙofar kwalejin, inda ake tsayar da iyaye. Ya zauna a inuwar katanga ya ba mai gadi tarihin rayuwarsa. Auta ya daɗe a ciki fiye da bara. Bayan 'yan makonni saƙo ya shigo wayarsa cewa an ɗauke shi. Rediyo ya yi godiya ga Allah, ya yi wa Direba da Hedimasta aski kyauta, ya kuma shaida wa duk unguwa cewa shi ya horar da yaron. Ba a musa masa ba.

Da safiyar ranar da Auta zai tafi, su biyu suka tsaya a tasha, jaka a tsakaninsu, ana jiran mota ta cika. Rediyo ya gama jero masa nasiha a kan salla da abokai da wankin farar riga. Sai ya shafa haɓa.

"Ranar da Tsoho, kakanka, zai cika, ka tuna ya yi ta kallona yana motsa leɓe? Na ce wa jama'a albarka yake sa mana." Ya haɗiye sauran maganar, da ƙyar. "Me yake cewa?"

Auta ya dubi takalminsa.

"Faɗi. Ina ji."

"Cewa yake ka ɗan yi shiru, Baba. Barci yake so ya yi."

Rediyo ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Halinsa ne. Tun ina yaro yake faɗa mini haka." Ya sunkuya ya ɗauki jakar, ya miƙa wa mai lodi, ya ce a sa ta inda ba za a danne ta ba.