Ɗan kwikwiyon da na bari a Kégué

Da ɓarayi suka haura katangarmu a Zongo sau biyu, Baba ya yarda mu ajiye kare, ko maƙwabta za su yi surutu. Ni ya aika unguwar Kégué, gidan wata mata da karyarta ta haihu.

Kafin in hau babur ya ce, "Kada ki ɗauko mai kwantsa a ido. Ki ɗaga leɓe ki ga dasashi ja ne. Mai kumburin ciki kuma tsutsa gare shi."

Da na isa, na tarar da 'yan kwikwiyon su biyar a cikin kwali. Huɗu suna ta kokawa, ɗaya yana kwance gefe, ciki a kumbure, ido duk kwantsa. Shi kaɗai ya jawo jiki ya lashi yatsana. Na ɗaga leɓensa, dasashin fari fat.

Matar ta ce, "Wannan ko nono ba ya sha. Ba mai ɗaukarsa."

Na ajiye shi, na ɗauki ƙaton cikinsu. Baba ya yaba, karen kuma ya daɗe tare da mu. Na sha bi ta layin matar, amma ban taɓa iya tsayawa in tambaye ta yadda wancan ya ƙare ba.