Takardar yabon Gwaggo

Har yau idan na ji ana cewa a karrama masu yi wa makaranta aikin sa kai, sai in ji raina ya ɓaci. Ba don abin ba shi da kyau ba. Na taɓa karrama mutum sau ɗaya a rayuwata, kuma ya ishe ni.

A shekarun da kowa a Garwa ba shi da magana sai ta tsadar rayuwa, wadda muke ce wa kiriz, ina koyarwa a wata firamaren gwamnati da ke gefen unguwar Rumde Ajiya. An rage mana albashi, alli ma sai da rowa ake ba da shi, famfon tsakar makaranta kuwa ya ƙafe tun ban fara aiki ba. Wanda bai san zafin Garwa na bazara ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya yara sun kwantar da kai a kan benci, leɓe ya bushe, kina magana suna kallonki kawai. Ƙungiyar iyaye ta zauna a kan famfon nan har na daina zuwa. Kowane zama sai a kafa kwamiti, a yi addu'a, a watse. Daga ƙarshe suka sayi randuna uku suka jera a gindin darbejiya, suka tafi abinsu, kamar randa ita ke cika kanta.

Wata safiya sai muka tarar da su cike taf, an rufe kowace da faifai, ga moɗa a wanke. Washegari ma haka. Darekta, wato shugaban makarantar, ya ɗauka mai gadi ne, mai gadi kuwa bai musa ba. Wasu malamai suka ce aikin shugaban iyaye ne, shi ma da aka yi masa godiya sai ya shafa gemu ya ce ai yi wa kai ne.

Ni na gano gaskiya ba da niyya ba. Na yi sammako wata rana don in rubuta darasi a allo kafin yara su zo, sai na ga mace ta shigo ta inda katangar baya ta zube, da bokiti a ka, tana ɗingishi. Gwaggona ce, yayar mahaifina, wadda gidanta ke bayan makarantar, mai rijiya a tsakar gida. Ta haura sittin a lokacin, ga ciwon gwiwa.

"Gwaggo! Ashe ke ce?"

"Uwata, rage murya." Haka take kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ta juye ruwan, ta dube ni. "Na yaron nan ne."

Ba sai ta ƙara ba. Ɗanta ɗaya tilo direban babbar mota ne, ya yi haɗari kusa da garin Ngong a irin wannan zafi, kuma waɗanda suka kawo gawarsa sun gaya mata ruwa yake ta roƙo har ya cika. Ita ba ta can. Abin da ya rage mata shi ne ta shayar da 'ya'yan wasu, ladan ya tafi kabarinsa.

"Tsakanina da Allah ne," ta ce. "Kin gani, kin kuma manta."

Na ce to. Na miƙa hannu zan karɓi bokitin, ta doke hannun.

"Je ki nemi naki ladan. Wannan ba na rabawa ba ne."

Shekara biyu na riƙe bakina, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai ga takarda daga ofishin sufeton makarantu, wai a bikin ƙarshen shekara kowace makaranta ta karrama iyaye da mutanen unguwa masu taimaka mata, don a ƙarfafa wa saura gwiwa. Darekta ya tara mu a ofishinsa a fitar da sunaye. Aka fara da wani alhaji mai shagon atamfa da ya taɓa kawo buhun siminti guda, ya zo da mai ɗaukar hoto a bayansa. Na yi shiru. Aka sa mai gidan burodi da ya ara mana kujeru sau ɗaya. Na yi shiru. Sai wani malami ya ce a rubuta shugaban iyaye, a kan samar wa yara ruwan sha.

A nan ne na kasa. Mutumin da ko moɗa bai taɓa ɗagawa ba! Na tuna gwiwar nan, na tuna sawu tara ko goma da take yi kowace safiya, sai kawai na ji muryata tana faɗin komai: wace ce, ta ina take shigowa, har da dalilin. Darekta mutumin kudu ne, mai kirki, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce a wurinsu irin wannan mata ɗaukarta ake yi a kafaɗa. Shi yana da uzuri, baƙo ko da ido makaho ne. Ni fa, da aka haifa a ɗakin da ke kallon nata? Ni ce ma na gyara masa rubutun sunanta.

Da yake na san ba za ta zo ba idan ta ji, sai na gaya mata 'yata za ta karɓi kyautar ta ɗaya a ajinsu, ta zo ta sa albarka. Gaskiya ne za ta karɓa. Irin gaskiyar nan ce da ake rufe ƙarya da ita.

Ranar biki aka kafa rumfa, aka ɗauko lasifika, manya suka zauna a inuwa, iyaye mata suka shimfiɗa tabarmi a gefe. Sufeto bai iso ba sai da rana ta take. Aka yi jawabai, aka ba alhajin siminti tasa takardar, ya ɗaga ta sama yana juyawa don kowa ya gani. Sai Darekta ya karɓi lasifika ya kira sunan Gwaggo.

A Garwa ba a jawabi da harshe ɗaya. Ya faɗa da Faransanci, wani malami ya maimaita da Fillanci, sannan aka juya da Hausa don mutanen unguwarmu. Sirrin da aka ba ni ajiya, sau uku aka yi shelarsa, kuma kowane mai fassara sai ya ƙara nasa gishirin. Kafin a zo kan Hausa, Gwaggo ta zama mai tashi tun tsakar dare tana kuka a bakin rijiya. Wani maroƙi da ba wanda ya gayyace shi ya cafe, ya shiga ambaton sunan marigayin, sunan da ita kanta ba ta taɓa furtawa ba. Mata suka rangaɗa guɗa.

Ina kallonta. Ta ja gyale ta rufe fuska, maƙwabta suna tura ta gaba suna cewa, "Tashi mana, Hajiya, ke ake kira!" Ta taka a hankali har gaban tebur. Sufeto ya miƙa mata hannu, ta durƙusa ta bar hannun a iska. Ta karɓi takardar da yatsu biyu. Ni kuwa ina tafi har tafin hannuna ya yi ja, ina ganin na ƙwato mata haƙƙinta.

Da la'asar na tafi gidanta da shirin shan faɗa. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi ya fi mini sauƙi. Ta zuba mini kunun gyaɗa, ta tambayi yara. Takardar tana kan bakin taga, an danne ta da dutsen guga. Sai da na sha rabin kunun ta yi magana.

"Uwata, an biya ni."

"Wane biya, Gwaggo? Takarda ce fa kawai."

"Tafi aka yi mini, aka yi guɗa. Abin da nake aika wa yaron nan, yau na karɓe shi da hannuna a gaban jama'a."

Na shiga kawo hujja, don a nan na fi ƙarfi. Na ce ba ita ta nema ba, ni ce na faɗa, laifin yana wuyana. Na ce Allah niyya yake dubawa. Na ce ta tambayi duk malamin da take so. Ta bar ni na gama.

"Ba ki gane ba," ta ce. "Da matan nan suka yi guɗa, daɗi na ji. Ya shiga zuciyata, na ji shi sarai. Gobe idan na ɗauki bokiti, ta ina zan san don wa na ɗauka?"

Duk da haka ban haƙura ba, na je na ɗauko limamin unguwa da kaina. Ya zauna a zaure ya yi mata bayani mai kyau, ya ce ladanta yana nan bai ragu ba. Ta yi godiya, ta ba shi goro. Da ya fita ta ce malam ya yi gaskiya, amma malam bai ji abin da ta ji ba. Wallahi taurin kan tsohuwar nan ya ba ni haushi a ranar, sai dai na san a gidan da na gado nawa.

Aka dawo daga hutu, randuna a bushe. A hanya yanzu kowa ya gan ta sai ya ce, "Sannu da aiki, Hajiyar ruwa," ita kuwa ta rage fita. Ƙungiyar iyaye ta yi abin da ta iya, ta kafa kwamiti. Aka rubuta jerin masu kawo ruwa aka liƙa a ƙofar ofis. Makon farko mutane suka riƙa zuwa da ƙarfe tara, lokacin da Darekta yake tsaye a waje. Mako na uku ba wanda ya zo. Alhajin siminti ya yi alkawarin gyara famfo idan za a rubuta sunansa a jiki. Garin neman gira mun rasa ido, kuma duk sanda yaro ya ɗaga hannu a ajina ya ce, "Madam, ƙishirwa," sai in ji kamar da ni yake.

Da bazara ta sake zagayowa na lura ciwon gwiwarta ya ƙaru, har takan yi sallah a zaune. Na je gaishe ta da sassafe sau biyu ban same ta ba. Na uku na tsaya a bakin titi na jira. Ta fito da bokiti babu komai a ciki, ta wuce katangar makarantarmu ba ta ko waiwaya ba, ta tsallake babban titi, ta nufi wata unguwa can nesa inda ba mu da dangi ko ɗaya. Na bi ta daga baya har na ga ta tsaya a rijiyar wani masallaci, a gefen wata firamare. Tafiyar da a da taku arba'in ce, na mayar mata da ita kusan awa guda, a kan wannan ƙafar. Na juya na koma kafin ta gan ni.

Bayan 'yan makonni aka yi taron malamai na yankinmu. Wata abokiyar aikina da ke koyarwa a waccan makarantar ta zauna kusa da ni, tana ta murna. Ta ce wani abin mamaki ya same su, kullum suna tarar da randunansu cike. Darektansu yana neman mai yin aikin ruwa a jallo, don takardar sufeto ta sake zuwa kuma biki ya matso.

"Mai gadinmu ya ce wata tsohuwa ce Bahaushiya, mai ɗingishi," ta ce. "Ke 'yar gari ce, kin san kowa. Ko kin san ta?"

Na ce ban san ta ba.