Allurai a Hular Kawu Beguwa

Ku da kuka tarar da Kawu Tanko da rai, ku faɗi tsakani da Allah, akwai wanda ya taɓa zama kusa da shi hankali kwance? Babu! Mutum dogo, mai jan ido, gemu kamar tsintsiyar laushi, sannan ga hular nan tasa da ya soke da allurai ta ko'ina, kowace da guntun zarenta yana reto, wannan ja, wancan shuɗi, wancan fari. Shi ya sa aka laƙaba masa Beguwa, amma fa a bayan idonsa. Ko a masallaci, in ji mazan, sai sahu ya yi giɓi dama da hagunsa. Liman ya yi ta cewa a haɗa kafaɗa, kowa ya yi kamar da maƙwabcinsa ake.

Ni Lami ɗiyar ƙanwarsa ce, amma har na yi aure ban daina kyarma ba in na ji sallamarsa. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, shi ne mai gadin gandun daji a nan wajenmu ta Gayam. Dajin da maharba ba sa shiga sai sun yi ƙungiya, shi kaɗai yake kutsawa tun hantsi, ya fito da yamma ko ƙaya ba ta karce shi ba. Sai aka fara cewa allurai ɗin nan ba banza ba. Wasu suka ce kowace ɗaya aljani ne da ya ɗaure. Wasu suka ce ran mutum ne, ranar da ya zare ɗaya, to wani gida sai kuka. Ga shi kuma ranar kasuwar Tabanni sai a gan shi duƙe a ƙarƙashin keken tela yana tsintar ƙyallaye yana cusawa a aljihu. In wani mai ƙarfin hali ya tambaya, sai ya zare masa ido ya ce, "Wanda ya raina ƙyalle zai kwana da sanyi." Shi ke nan, ba ƙari.

To, shekarar da nake da cikin fari, da kaka, muka tafi itace da maƙwabciyata Saratu matar Yohanna, 'yar Gbagyi ce, mace mai ƙarfin zuciya wadda ko maciji ba ya sa ta sauke kaya. Muka yi nisa fiye da yadda muka saba, har gindin wata tsohuwar kuka mai kogo. Saratu ta leƙa, ta ce, "Lami, zo ki ga, wani ya ɓoye zuma."

Tukunya ce, an kife ta da kasko, an danne da dutse. Na ce, "Saratu, bar abin da ba ki ajiye ba." Ina! Ta riga ta ɗaga. Sai ga ƙyalle a naɗe, gefensa fari fat kamar likkafani, an caka masa allura a tsakiya. Ta sa tsinke ta ɗan buɗe shi. Guntun zanena ne a ciki! Shuɗin zanen nan nawa da na shanya a kan danga, na dawo na tarar an gutsure masa gefe, na yi ta zagin akuyar mutane.

Saratu ta ce, "Yesu!" Ni na ce, "Innalillahi!" Muka watsar da itacen, muka runtuma. Ni da cikina na riga ta isa gari, ku dai ku auna.

Kafin azahar ƙauye ya ɗauka. Tsofaffin mata suka zagaye ni suna salati, suna cewa sammu ne, abin da ke cikin ake so. Na kama cikin da hannu biyu ina kuka. Maigidana Garba ya saɓa gatari. Aka ɗunguma zuwa gindin kukar, da Liman, da mai wa'azin cocin su Saratu. Amma da aka isa, ba wanda ya yarda ya matsa. Liman ya tsaya daga nesa yana tofi, mai wa'azi ya tsaya bayan Liman yana tasa addu'ar.

Sai muka ji ciyawa tana motsi. Kowa ya ja da baya. Kawu ne. Ya dube mu, ya dubi tukunyar, ya shafa hularsa. Na ce a raina, shi ke nan, yau za a zare tawa.

Ya ce, "Wane marar aikin yi ne ya bar mini tukunya a buɗe? Malam, gara tana jin tofi ne?"

Ya sa hannu ya zaro abin, ya warware, ya kaɗe. Jama'a! Ɗinki ne. Ƙyallaye ne ƙanana aka jera aka haɗa, kyau kamar ka sa a baki. Ashe mutumin nan da muke gudu, abin da yake yi a daji ke nan. Ba don sayarwa ba, sha'awa ce kawai. Kowace babbar bishiya a hanyar zagayensa tana da tukunyarta, kowace tukunya da aikinta: wannan bargon faci, wannan hula, waccan rigar yaro. In ya iso gindin ɗaya ya zauna ya yi 'yan layuka, ya rufe, ya wuce ta gaba. Allurai na hula kuwa su ne suke tuna masa inda ya bar kowane aiki. Jan zare kuka ce, shuɗi kanyar bakin rafi, fari tsamiyar mararraba. In ya gama aiki ya zare allurarsa, in ya fara sabo ya soka wata.

Garba ya sauke gatari a hankali, ya ce, "To Kawu, me ya hana a ajiye a gida?"

Ya ce, "A gida akwai ɓera, akwai yara, akwai masu aro. A daji kuwa sai aljanu, su kuma ba su taɓa cewa in ara musu allura ba."

Na ce, "Kawu, zanena fa?"

"Majanyi nake yi wa abin da kike ɗauke da shi. Jariri yana son ya ji ƙamshin uwarsa a jikin abin goyo. Ke gefen nan me kike yi da shi? Ƙasa yake shara."

Kuna tsammani daga ranar tsoro ya ƙare? Sauya kama ya yi. Da an hango hularsa daga bakin gari sai ka ji mata suna kiran juna, "Ku kwashe shanya, ga Beguwa nan!" Liman da kansa ya rantse rawaninsa ya daina kaiwa inda ya saba kaiwa. Da ya yi ƙorafi, Kawu ya ce, "Malam, hular da nake yi maka fa, da iska zan yi mata ciki?"

Bayan haka ba da jimawa ba Garba ya bi shi daji, Kawu zai nuna masa inda aka yarda a sari itacen rufin ɗaki. Ya dawo mini da la'asar ba takalmi, leɓɓansa sun bushe, sai da ya shanye kwarya guda kafin magana ta fito. Ya ce sun zauna a gindin kanyar bakin rafi, Kawu ya buɗe tukunya yana ɗinki, sai tsuntsaye suka yi shiru gaba ɗaya. Ya ji reshe ya karye, ƙaras! Ya ɗaga kai. Giwa ce, da ɗanta a gefe, kusa har yana ganin ƙudajen da ke bin idonta. Ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga hanci tana shaƙar iska. Kowa ya san giwa mai ɗa ba ta tambaya.

Garba ya yunƙura zai tashi, Kawu ya damƙe masa ƙafa, ya raɗa masa, "Kada ka motsa."

"Kawu, mun mutu."

"Na ce kada ka motsa. Allurata ta faɗi a nan wajen, za ka binne mini ita."

Haka suka zauna kamar gumaka, Garba yana kalmar shahada a zuci, zufa tana shiga masa ido ba damar sharewa. Giwar ta tako, ƙasa ta amsa. Ta sake takowa. Sai ya ji Kawu ya matso da baki kusa da kunnensa, ya zaci addu'ar ƙarshe zai karanta masa. Ashe cewa zai yi, "Garba, dubi ikon Allah. Duk faɗin fatar nan, babu ɗinki ko ɗaya."

Allah ya sa iska ba ta kai mata warinsu ba, ta juya ta bi rafi da ɗanta. Garba bai san inda ya yar da takalmansa ba. Da na ga Kawu na ce, "Ashe kai ba ka jin tsoro?" Ya ce, "Wa ya gaya miki? Hantar cikina sai da ta kaɗa. Da ta taka tukunyar fa?"

Amma ranar da ba na mantawa ita ce ta wuta. Da rani ne, ciyawa ta bushe ƙayau, na haihu kwana kaɗan, ba a ma yi suna ba. Kawu ya zo barka da azahar, yana tsaye a tsakar gida ya ƙi karɓar jaririn, wai kada ya soke shi. Sai muka ji ihu a waje. Hayaƙi ne ya turnuƙe ta yamma, baƙi ƙirin, ga shaho yana shawagi a kansa. Masu farauta ne suka sa wuta ta fi ƙarfinsu. Tun daga gida kana jin ƙararta, fat-fat-fat, kamar ana harbi.

Kawu ya cire hula, abin da ban taɓa gani ba, yana bin allurai da yatsa yana magana shi kaɗai. "Kanya, rafi ya tare mata. Tsamiya, hular Liman ce, ya yi haƙuri, kansa ba zai gudu ba." Sai yatsansa ya tsaya a kan jan zare. Ya ce, "Kuka."

Na ce, "Kawu, don girman Allah! Tsumma ne fa!"

Ya ce, "A bakinki." Ya tsoma rigarsa a randa, ya fita da gudu. Garba da Yohanna suka bi shi, zafi ya koro su tun daga bakin gona.

Ban taɓa jin tsoro irin na yinin nan ba. Ina zaune da jariri a cinya, toka tana sauka a kan zanena kamar yayyafi, rana ta koma ja. Zomaye da gafiyoyi suna shigowa har cikin gari. Saratu ta riƙe hannuna, tana tata addu'ar ina tawa. Mahaifiyata, ƙanwarsa, tana kiran sunansa tana faɗuwa ana tayar da ita. Aka yi la'asar babu shi. Maza suka fara maganar wa zai shiga nemo gawa in wuta ta lafa. Ni kuwa abin da ke cina, a ce saboda ɗana mutum ya ƙone.

Rana ta kusa faɗuwa sai ga wani abu baƙi yana tahowa ta cikin hayaƙi yana tangaɗi. Yara suka watse da ihu. Shi ne. Rabin gemu ya tafi, gira babu, ya rungume tukunya a ƙirji. Ashe wutar ta riga shi isa gindin kukar, ya sa hannu a kogon tana ci ya jawo. Da ya dire ta, fatar tafinsa ta biyo tukunyar. Muka sa kuka. Shi kuwa ya zauna daɓas, ya yi tari, ya dube ni ya ce, "Saura gefe ɗaya. Kada wani ya je ya ce Tanko ya ba da aiki ba a gama ba."

Da yake hannuwan suna naɗe da magani, ni ya sa na ƙarasa, ina jego. Ya zauna a bakin ƙofa yana leƙe. "Lami, wannan ɗinki ne ko sawun kaza? Warware!" Na warware. "Ja zaren a hankali, ba akuya kike ɗaurewa ba." Ina dariya ina hawaye har aka gama. Ranar suna da majanyin nan na goya yaron, kuma duk ƙannensa da shi na goye su, bai taɓa yagewa ba.

Hannuwan sun warke, amma yatsun sun ƙage, ba su ƙara riƙe allura yadda ya kamata ba. Bai taɓa yin ƙorafi ba ko sau ɗaya. In yaron ya hau cinyarsa yana wasa da tabon, yana tambayar me ya same shi, sai ya ce, "Tuwo na ci da zafi, kai ma ka riƙa jira ya huce." Har ya koma ga Mahaliccinsa, wata ranar Juma'a bayan an sauko, bai yarda an gaya wa yaron gaskiya ba.

Allah ka jiƙan Kawu Tanko, ka yafe masa kurakuransa, da 'yan gefen zannuwan da ya yanka bai tambaya ba, mu dai mun yafe. Ka sanyaya masa makwanci. Hannuwan nan da suka shiga wuta saboda jaririn da ko suna ba shi da shi, ya Allah, kada ka bari wata wuta ta ƙara taɓa su. Amin.