Karan Awon Ƙafa

Karatun allo ya ba ni wuya. Shekara biyu ina kan izu guda, har Baba ya ce ranar da na haye shi, zai sa baduku a Dayi ya ɗinka mini jan takalmi. Ni da ko a mafarki takalmi nake gani! Wata biyu na haye.

Baba ya auna ƙafata da kara. Na faki idonsa na musanya da mai tsawo, don kada takalmin ya matse ni da wuri.

Da aka kawo, na zura ƙafa, ta ɓace ciki. Baba ya ce, "Ja'iri, kai ka yi awo, kai za ka sa."

Washegari na cusa auduga ciki, na zaga unguwa sau uku.