Labulen da Ya Ci Mini Kwana Tara

Wata rana wata hajiya ta shigo ofishinmu a Kano da zanen gida a hannunta. Hajiya Atine sunanta.

Ga waɗanda ba su san sana'ata ba: ni nake ɗaukar zanen gida in mayar da shi hoto a kwamfuta, mutum ya ga falonsa da kujerunsa da tayil ɗinsa tun ba a gama ginin ba.

Hajiya tana gina wa mahaifiyarta sashe ne a Haɗeja. Idon tsohuwar ya yi rauni, likita ya ce a sama mata ɗaki mai haske sosai. Sai aka zana falo mai manyan tagogi uku.

Tsohuwa ta ce atafau ba za ta zauna a inda duk mai wucewa zai leƙo ya gan ta ba.

Hajiya ta ce mini, "Malam Tasi'u, hoto ɗaya nake so. Labule shara-shara a kan tagogin nan, haske na shigowa, amma mutum a rufe yake. In Inna ta gani da idonta za ta yarda. Ranar Juma'a ta sama zan je, magina na jira."

Na ce, "Hajiya, wannan ai aikin kwana biyu ne."

Bakina ne ya ja mini.

Falon na gama shi a yini ɗaya. Kujeru sun yi, silin ya yi, har darduma na shimfiɗa a kusurwa.

Sai labule.

Na farko ya fito kamar an rataye ledar shinkafa.

Na rage masa kauri. Ya ɓace gaba ɗaya, sai sandar rataya a sama.

Na ƙara. Ya koma kamar kwanon rufi da aka shafa wa farin fenti.

Kuma ku sani, duk sauyi ɗaya sai kwamfutata ta yi minti arba'in tana huci kafin ta fitar da hoto. Ka zauna ka zuba mata ido, hoton na fitowa layi-layi, tun daga rabi ka san wannan ma bai yi ba. Sau biyu ana ɗauke wuta saura kaɗan ta gama.

Na kalli bidiyon koyarwa sun fi talatin. Na kwafi lambobin da wani Bature ya sa a manhajarsa ɗaya bayan ɗaya. Nasa ya fito kamar ka taɓa. Nawa ya fito gidan sauro.

Matata ta daina tambayata ya aiki. In na koma gida, abinci kawai take ajiyewa ta fita.

Ranar Laraba Hajiya ta kira. Na ce saura kaɗan.

Ranar Alhamis ta sake kira. Ban ɗauka ba.

Safiyar Juma'a na tura mata mai kama da gidan sauron, don shi ne mai dama-dama. Ta amsa da kalma ɗaya: "To."

Abin ya tsaya mini a rai. Ranar Asabar, kwana na tara, na hau adaidaita zuwa Kantin Kwari. Niyyata in ɗauki hoton yadin labule da waya in saka a manhaja, ko saƙar ce ban samu daidai ba.

Na shiga wani ɗan shago a lungu. Wani dattijo ne a ciki, tabarau a kan hanci, almakashi a aljihun gaba. Har yau ban san sunansa ba.

Na roƙe shi, ya warware mini bandir ɗaya a kan tebur. Na duƙa ina ɗauka. Yana kallona. Da ya gaji ya tambayi abin da nake yi, na nuna masa hotunana a waya, ina ta bayanin kwamfuta.

Ya duba ya duba. Sai ya ce:

"Ɗana, rana ta ina take shigowa ɗakin nan?"

Na ce, "Baba, ban duba ba."

"To me kake wa labule, alhali ba ka san inda rana take ba?"

Ya janye yadin daga tebur ya kai bakin ƙofa, ya ɗaga shi a gaban hasken waje.

Jama'a, yadin da nake gani fari fat a kan tebur sai ya kama haske kamar an kunna shi.

Ya tattara shi da yatsu. Ya nuna mini inda ninki ya hau ninki, wurin ya yi duhu. Inda ya miƙe, ana hango inuwar masu wucewa, ba a gane fuska. Kalmasar ƙasa ta fi ko'ina duhu don sau uku ake naɗe ta. Ya ce taga mai faɗin mita biyu, yadi mita biyar yake yanka mata, in ba haka ba labule ba ya rufe kowa.

Ni kuwa nawa labulen a miƙe yake sumul, faɗinsa daidai da taga. Hasken kuma daga cikin ɗaki na haska shi, kamar mai ɗaukar hoton biki.

Duka-duka bai fi minti biyar ba.

Na koma ofis. Na duba zanen, tagogin gabas suke kallo. Na mayar da rana bayan labule, na ninka yadin, na yi masa kalmasa.

A gwaji na biyu ya fito daidai.

Ban taɓa yin hoto mai kyansa ba. Hasken safiya ya ratso ya kwanta a kan tayil, ɗakin tas, ba abin da ake gani daga waje sai fari.

Nan take na tura wa Hajiya.

Bayan la'asar ta turo saƙon murya. Ba faɗa, ba tsawa, da ma faɗan ta yi.

Ta ce, "Malam Tasi'u, ya yi kyau ƙwarai. Amma Inna ta ga na jiya, ta ce ai ga shi nan, tsirara za a bar ta. Tun da safe magina suka toshe tagogi biyu, ta ukun aka rage ta. Allah ya saka da alheri."

Na ajiye wayar.

Wata baiwar Allah mai raunin ido za ta zauna a ɗaki mai duhu, saboda ni na ga girman kaina ya wuce in je kasuwa in yi tambaya.

Darasi: In aiki ya cije maka, tashi daga kujera ka je wurin wanda yake taɓa abin da hannunsa kullum, ko da bai san inda ake kunna kwamfuta ba. Kuma ka je tun ranar farko. Ni na je, amma sai da aka zuba siminti.

Ka tura wa abokinka da ya maƙale a kan wani aiki yana jin kunyar tambaya. Wataƙila shi bai makara ba tukuna.